BAƘO DA BAƘONSA: YADDA KIFI KE KWANA A HOTAL



Wani malamin makaranta ya rubuto mini, ya ce wai ya ji labari a ƙasashen Turawa akwai mutanen da ke ɗaukar kifi da ransa su yi tafiya mai nisa da shi, su kama ɗaki a hotal su kwana tare. Yana so ya sani ko gaskiya ne, ko kuwa irin zancen matafiya ne. To malam, gaskiya ne, kuma al'amarin ya fi yadda aka gaya maka wuya.

A Amurka da Ingila da Jamus akwai masu kiwon ƙananan kifaye cikin akwatunan gilas a gidajensu. Ba don miya suke yi ba, sai don sha'awar launinsu da ganin yadda suke hayayyafa, kamar dai yadda wani a nan ke kiwon tantabaru ko kanari. Sun kakkafa jam'iyyu, ko wace da irin kifin da ta sa gaba. Akwai ta masu dangin karfasa, akwai ta masu dangin tarwaɗa, akwai kuma wadda ake kira American Killifish Association, da aka kafa a 1962, ta masu kiwon waɗansu 'yan mitsi-mitsin kifaye da suke kira kili. Shekara shekara sukan yi babban taro na kwana uku ko huɗu, a hotal kuwa ake yinsa, domin nan ne ake samun zaure da ɗakunan kwana wuri guda. A yi lacca, a yi gasar kifin da ya fi kyau, ran ƙarshe a yi gwanjo. A jihar Ohio masu kiwon dangin karfasa sun yi shekaru suna taruwa cikin watan Nuwamba a garin Strongsville, kusa da Cleveland, inda masu sayarwa kan jera akwatunan kifi cikin ɗakunan kwanansu, su bar ƙofa a buɗe, masu saye suna bi ɗaki ɗaki kamar rumfunan kasuwa.

Kada mai karatu ya ce ina ruwanmu. Cikin kifayen da ake wannan ɗawainiya dominsu akwai na ƙasarmu. Akwai wani da masana ke kira gardneri, bai fi ɗan yatsa tsawo ba, namijin kore-kore da ɗigo-ɗigon ja, wanda aka rubuta bayaninsa a 1911. A jikin ledarsa wajen gwanjo sai ka ga an rubuta Makurɗi, ko Lafiya, ko Akure, watau wurin da aka fara kamo kakanninsa, kuma masu kiwon ba su yarda a gauraya na wannan gari da na wancan. Akwai kuma wani da wani Bajamushe mai suna Ahl ya raɗa wa suna kiyawensis a 1928, don daga kogin Kiyawa na wajen Katagum aka samo shi. Ɗan abin da yaro zai kama a kududdufi ya yar, ga shi ana kama masa ɗaki a Amurka.

Abin da ya sa na ga maganar ta cancanci wannan fili shi ne, karɓar wannan baƙo ta saɓa wa dukkan abin da muka sani na karɓar baƙi. Mu in baƙo ya sauka, ruwa za a fara kawo masa, sa'an nan abinci, sa'an nan a yi ta shigowa ana gaishe shi. Shi kuwa kifi, waɗannan uku su ne ajalinsa: ruwan masauki, da abinci, da yawan leƙe.

Mu fara da abinci. Mai hankali yakan daina ba kifinsa abinci kwana ɗaya ko biyu kafin a tashi, kuma ba ya ba shi komai har a komo gida. Wanda bai sani ba sai ya ce mugunta ce. Amma kifi jininsa ba mai ɗumi ba ne kamar namu, ba ya ƙona abinci don ɗumama jiki, saboda haka babban kifi mai lafiya yana iya yin mako bai ci ba, ba abin da zai same shi. Abin da ba ya iya jurewa shi ne ƙazantarsa. Duk abin da ya ci yakan fitar da dattinsa, yawanci ta matsatstsaku na numfashinsa, watau ta ƙunƙuminsa, a matsayin wani dafi da ake kira amoniya. A gulbi ruwa ya tafi da shi. A akwatin gilas na gida akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna zaune jikin soson da ke tace ruwan, su ke cinye dafin. Cikin leda ko sabon bokiti kuwa babu gulbi, babu ƙwayoyin, sai kifi ya zauna cikin abin da ya fitar. Don haka ne waɗanda suka daɗe a sha'anin kan ciro tsohon soso daga akwatin gida su zo da shi a jiƙe, domin sabo ba ya aiki sai ya yi makonni.

A nan akwai wani abin mamaki da ya kamata malaman kimiyya su koya wa yara. Kifi yana cikin leda a ɗaure, yana numfashi, iskar da yake fitarwa tana narkewa cikin ruwan, tana sa shi ɗan tsami. Tsamin nan kuwa yana ɗaure amoniya, ya mai da ita wani iri marar ƙarfin dafi. Da ka kwance ledar, iskar ta fice, tsamin ya ragu, sai dafin ya farka. Masana suna auna tsamin ruwa da wani ma'auni da suke kira pH. A ruwa mai ɗumin digiri 25, in ma'aunin yana kan 7, mai dafin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na amoniyar ba. In ya hau 8 sai ya zama wajen kashi biyar, watau ya ninka kusan sau goma. Ke nan mutumin da tausayi ya kama shi, ya buɗe leda don kifi ya sha iska, ya bar shi cikin tsohon ruwan nan, shi ya kashe shi da hannunsa. Ƙa'idar ita ce, ko dai a bar leda a ɗaure, ko kuwa in an buɗe a fitar da kifin nan da nan zuwa ruwa mai tsabta wanda ɗuminsa ya yi daidai da na ledar.

Ɗaurin ledar ma da iliminsa. Ruwa sulusi, iska sulusi biyu, don iskar ce ke ƙarewa ba ruwan ba. Masu hali sukan hura iskar oksijin tsantsa, da ita kifi kan yi kwana biyu lafiya in ba a cunkusa su ba. Ba a hurawa da baki, domin abin da ke fita daga bakinka an riga an sha amfaninsa. Mai ƙaya a baya, irin dangin karfasa da tarwaɗa, sai a ninka masa leda biyu a sa takardar jarida tsakani. Maza masu faɗa kowa da ledarsa. Akwai kuma wata irin leda da ake cikawa da ruwa fal ba iska, domin jikinta da kansa yana barin iska ta ratsa. Ita wannan ba a tsoma ta cikin ruwa, ba a kuma jibga wata kan wata, in an yi haka an toshe mata hanci.

Sai ruwan masauki. Ruwan famfo na birane ana zuba masa maganin kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, abin da aka fara yi a kai a kai a Amurka a birnin Jersey City a 1908, kuma ya ceci rayukan mutane ba iyaka. Amma abin da ke tsare hanjin mutum shi ke ƙona wurin numfashin kifi. Da can dabara mai sauƙi ce, a tari ruwa a bokiti ya kwana, kulorin ya fice. Yanzu birane da yawa sun koma wani iri mai suna kuloramin, watau kulorin da aka haɗa da amoniya don ya daɗe cikin bututu, kuma hukumar kula da muhalli ta Amurka ta ce fiye da mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar irin wannan ruwa suke sha. Shi ko ya kwana uku a bokiti yana nan. Sai an ɗiga masa magani, kuma maganin ya zama mai kama kulorin da amoniya gaba ɗaya, domin tsohon irin yakan raba su ne kawai ya bar amoniyar a sake. Bayan wannan, ruwan ko wane gari da halinsa, wani mai kanwa-kanwa, wani mai laushi, kifi kuwa ba ya son a sauya masa farat ɗaya. Ni a ganina wanda ya zo da mota, ya ɗauko jarka biyu na ruwan gidansa, ya fi kowa dabara, ko da abokansa za su yi masa dariya.

Sanyi shi ne na gaba. Kifayen nan na ƙasashen zafi ne, yawancinsu suna son digiri 24 zuwa 26, kili kuwa ya fi son ƙasa da haka kaɗan. Ɗakin hotal ana sanyaya shi don jin daɗin mutum mai bargo, ɗan ruwan leda kuwa ba ya riƙe ɗumi. A Ohio cikin Nuwamba, wanda ya bar kifi a mota ya kwana, da safe sai jana'iza. Maganin abin shi ne a jera ledojin cikin kula, irin ta masu sayar da ƙanƙara, a rufe, a ajiye nesa da taga da na'urar sanyaya ɗaki. Duhun ma alheri ne gare su, yana sa su lafa, su rage numfashi da fitar da datti. Shi ya sa na lissafta yawan leƙe cikin masu kisa. Mutum ya sayi kifi da tsada, duk wanda ya shigo sai ya buɗe kula ya ɗaga leda ga fitila ya nuna masa. A waɗansu hotal na Turai kuma akwai tarko: da ka zare katin ƙofa ka fita, wutar ɗakin ta ɗauke, hita da ɗan injin hura iska su tsaya, kai kana can zaure kana sauraron lacca. Injin mai batir shi ne maganin wannan. In kuwa bokiti aka sa kifin, lalle a rufe shi, domin kili gwanin tsalle ne, ƙaramar kafa ta ishe shi.

Akwai kuma haƙƙin mai masauki, wanda nake ganin masu sha'awar ba su cika ba shi girman da ya kamata ba. Mutumin nan shi kansa baƙo ne, sa'an nan ya zo da nasa baƙin. Ruwa kuwa abu ne mai nauyi, ko wace lita kilo guda. Ƙaramin akwatin da suka fi amfani da shi, mai galan goma na Amurka, yana cin wajen lita 38, watau kusan garwa biyu. A jera goma kan teburin da aka yi don rubuta wasiƙa, a ga abin da zai faru. In ruwa ya zube kan darduma a bene na uku, har na ƙasa sai ya sani. Daidai shi ne a gaya wa masu hotal tun wajen kama ɗaki, a shimfiɗa leda mai kauri, a ajiye bokitai a makewayi ko cikin bahon wanka. Amma ba a zuba kifi cikin bahon kansa, saboda ragowar sabulu da maganin wanki. A kuma rataya alamar nan ta kada a shigo, domin mai shara ba ta da laifi in ta fesa turaren ɗaki ko maganin goge gilas, aikinta take yi, ga shi kuwa injin iska yana zuƙar abin da ta fesa yana turawa cikin ruwa. In na ga laifi a nan, na mai ɓoye kifi ne, don jam'iyya ba ta samun zaure baɗi in mutum ɗaya ya ɓata ɗaki bana.

Wanda ya ƙosa da kifinsa kuma kada ya sake shi a rafin garin. A Florida da Texas akwai wata tarwaɗa mai sulke ta Amurka ta Kudu, wadda ta fito daga sha'anin kiwon nan, ta yaɗu, tana haƙa ramuka tana rusa gaɓar ruwa.

Masu komawa ta jirgin sama sukan ji tsoron dokar nan ta 2006 da ta hana shiga da ruwa fiye da mililita 100. A Amurka hukumar binciken fasinja ta yarda a wuce da kifi mai rai cikin ruwa, in mazubin garai-garai ne kuma an duba shi, amma ko wane kamfanin jirgi da tasa ƙa'ida, tsallaka iyakar ƙasa kuwa sai da takardu. In an isa gida ba a haɗa sabo da na gida sai ya yi mako uku ko huɗu a keɓe, domin inda kifayen gari ɗari suka taru, cututtukansu ma sun taru.

Masu kiwon irin na Kiyawa kuwa suna da hanyar da ta raba su da duk wannan wahala. Kifin na kududdufin damina ne. Ruwa na janyewa iyayen su mutu, amma sun riga sun binne ƙwai cikin laka, ƙwan ya yi rani a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan bazara. Mun san gaiwa da irin wannan haƙuri, sai dai ita da kanta take shiga laka, shi kuwa ƙwansa yake bari. Saboda haka mai kiwo yakan sa su yi ƙwai cikin wata ƙasa mai laushi ta ruɓaɓɓen ciyayi, ya matse ta, ya ƙulle a 'yar leda, ya rubuta sunan kifin da ranar da aka kwashe. Mai saye ya sa a aljihun riga, ya kwana da shi a hotal ba bokiti ba inji, ya kai gida ya ajiye a ɗaki mai ɗumi. In watannin da aka ƙayyade sun cika ya zuba ruwa mai laushi, kafin gari ya waye 'ya'yan sun fito suna iyo.

Malamin da ya yi tambaya, in damina ta ja baya, ya ɗebi ɗalibansa da rariya su duba kududdufan gefen fadama kafin su ƙafe.

Wassalam.

Naku,
Akawu.