Ciwon mantuwa kafin tsufa: haƙƙin ma'aikaci da hanyoyin samun tallafi a Damargu

A ƙasar Hausa idan an ga dattijo ya fara manta sunayen jikokinsa, sai a ce gigin tsufa ne, a yi haƙuri da shi. Amma akwai wanda wannan larura take kamawa yana ɗan shekara 45 ko 50, yana tsakiyar ƙarfinsa, ga mata ga ƴaƴa suna ci a ƙarƙashinsa. Shi ba a cewa tsufa ne. Wasu su ce sakaci ne, wasu su ce sammu ne ko iska. Kafin a gane gaskiya, sau da yawa aiki ya tafi, dukiya ta watse. Wannan darasi zai nuna muku abin da doka ta tanada, da inda hannunta bai kai ba, da abin da iyali za su iya yi a Gangara da sauran garuruwan Tanut da Belbeji.

Mene ne ciwon mantuwa?

Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wanda yake rage tunani da hankali sannu a hankali, har mutum ya kasa ayyukan da ya saba. Yana iya manta maganar da aka yi ɗazu, ya ɓace a hanyar da ya sani, ya rikice a lissafin kuɗi, ko halinsa ya sauya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne suke fama da shi a duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaicin ƙarfi. Nau'in da ake kira Alzaima shi ne ya fi yawa. Akwai kuma wanda hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suke haddasawa. Idan alamun suka bayyana kafin shekara 65, likitoci suna kiransa mantuwa ta wuri, kuma hukumar ta ce irin wannan yana iya kai kashi 9 cikin 100 na masu ciwon.

A shekarar 2017 ƙasashen duniya suka amince da wani shiri na tunkarar wannan ciwo zuwa 2025. Da wa'adin ya cika ba a cim ma burin ba, sai a watan Mayu na 2025 suka tsawaita shi zuwa 2031. Wannan ya nuna muku cewa ko a ƙasashe masu wadata aikin bai kammala ba, balle a karkararmu.

Me ya sa za a fara da likita?

Dalili na farko shi ne, ba kowace mantuwa ce wannan ciwo ba. Ciwon maƙoƙo, da ƙarancin wasu sinadaran abinci a jiki, da matsananciyar damuwa, da wasu cututtuka masu shiga jini, duk suna iya rikita tunani, kuma suna da magani. Dalili na biyu shi ne takarda. Duk wani haƙƙi da za ku karanta a ƙasa, takardar likita ce mabuɗinsa. Ku fara da cibiyar kiwon lafiya mafi kusa da ku. Daga nan za a iya tura ku asibitin gunduma, sa'an nan babban asibitin ƙasa na Damagaram. Ku tafi da wanda yake zaune tare da maras lafiyar, domin shi ne zai iya faɗin lokacin da abin ya fara da yadda yake ƙaruwa.

Abin da dokar ƙwadago ta ce

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta hana mai ba da aiki ya nuna wa ma'aikaci bambanci saboda shekarunsa, ko naƙasa, ko cutar sida, ko ciwon amosanin jini. Ba ta ambaci ciwon mantuwa da sunansa ba. Sai dai Nijar ta amince a 2008 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda ta haɗa da masu larurar ƙwaƙwalwa mai daɗewa, kuma a watan Disamba na 2019 ƙasar ta kafa dokar shigar da naƙasassu cikin al'umma.

Dokar ƙwadago ta kuma ce idan ma'aikaci ya kwanta rashin lafiya, kuma likitan da hukuma ta amince da shi ya tabbatar, ana dakatar da yarjejeniyar aikinsa har tsawon wata 6. Dakatarwa ba kora ba ce: gurbinsa yana nan a cikin wannan lokaci. A farkon ciwon ma, mutum yana iya ci gaba da aiki idan an sauƙaƙa masa: a ɗauke masa riƙon kuɗi ko tuƙin mota, a ba shi aikin da ya saba da shi, a rubuta masa abin da zai yi kowace rana. Ku nemi a tattauna wannan da mai ba da aiki, tare da wakilin ma'aikata ko na ƙungiyar ƙwadago.

Ga inda haɗarin yake. Ma'aikacin da aka sallama saboda babban laifi yana rasa kuɗin sallama. Wanda ya ajiye aiki da kansa shi ma ba ya samu. To, mai gadin da ya bar ƙofa a buɗe, ko mai ajiyar kaya da lissafinsa ya ƙi daidaita, idan babu takardar likita, laifi za a rubuta masa, ba ciwo ba. Saboda haka kada ku bar maras lafiya ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar ajiye aiki, komai kunyar da yake ji. Idan an riga an sallame shi, ku kai ƙara wurin sufeton ƙwadago a Damagaram. Aikinsa ne ya sasanta ku, idan kuma sulhu ya gagara, sai a wuce kotun ƙwadago.

Fansho daga asusun CNSS

Ma'aikatan kamfanoni da na ƙungiyoyi masu zaman kansu, wajibi ne mai ba su aiki ya yi musu rajista a asusun CNSS, ya riƙa zuba musu kuɗi. Shekarun ritaya a wannan asusu 60 ne, amma wanda likitoci suka tabbatar ƙarfin jikinsa ko na ƙwaƙwalwarsa ya gaza da wuri yana iya neman fanshonsa daga shekara 55. Wanda bai kai haka ba, akwai fanshon naƙasa. Sharuɗɗansa uku ne: ciwon ya rage masa aƙalla kashi biyu cikin uku na abin da zai iya samu da aikinsa, ya kai shekara 5 da rajista, kuma an zuba masa kuɗi na wata 6 a cikin wata 12 da suka gabaci naƙasar. Wanda ya kai matsayin da sai da mai kula da shi dare da rana, ana ƙara masa wani kaso a kan fanshon.

Ku lura da sharaɗi na uku sosai. Ciwon mantuwa ba ya zuwa rana ɗaya kamar karaya. Idan mutum ya bar aiki, iyali suka shafe shekara biyu suna yawon neman magani kafin su je asibiti, zai yi wuya a nuna cewa naƙasar ta fara ne tun yana biyan kuɗin asusu. Hausawa suna cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ku adana takardun albashi, da lambar rajistarsa, da takardar haihuwa, da duk takardun asibiti a wuri ɗaya. Ku je ofishin asusun a Damagaram ku tabbatar an zuba masa kuɗin da aka cire daga albashinsa. Cikakkun ma'aikatan gwamnati kuwa, asusun CARENI ne yake kula da fanshonsu, kuma su fara da ma'aikatar da suke aiki a ƙarƙashinta.

Wanda ba shi da albashi fa?

Gaskiyar magana, masu albashi kaɗan ne a Damargu: malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, na ofishin magajin gari, na ƙungiyoyin agaji, da na matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011. Mafi yawan mutanen Gangara manoman hatsi ne, da makiyaya, da ƴan kasuwa, da ƴan ci-rani masu zuwa Agadas, Libiya, Aljeriya ko Najeriya. Duk abin da aka faɗa a sama bai shafe su ba. Kyautar magani da gwamnati ta fara a 2006 ta shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 ne da wasu larurorin mata. Shirin tallafin kuɗi da aka fara a 2011 da taimakon Bankin Duniya ya bai wa gidaje jika 10 ta sefa kowane wata, amma talaucin gida aka duba wajen zaɓe, ba irin ciwon da yake cikinsa ba. Wannan giɓi ne babba, kuma ya dace majalisun gari da ƙungiyoyin naƙasassu su riƙa ɗaga shi a gaban hukuma.

Kafin nan, gona da dabbobi su ne fanshon talaka, kuma su ne abin da ya kamata a kare. Mai ciwon mantuwa yana iya sayar da bijimi rabin kuɗinsa, ko ya ba da gona jingina ya manta, ko ya biya bashi sau biyu. A nan ne karatun da kuke koyo zai yi muku rana.

1. Tun yana cikin hayyacinsa, ku zauna da shi a gaban shaidu, da liman ko mai gari, a rubuta gonakinsa, da dabbobinsa, da bashin da ake binsa da wanda yake bi.

2. Shi da kansa ya zaɓi wanda ya amince da shi ya riƙa wakiltarsa a kasuwa da wurin karɓar kuɗi. Wakilin ya riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.

3. Duk ciniki ko jingina ko aron gona, a bi ta kwamitin filaye na gari, wanda dokar karkara ta 1993 ta share wa hanya, a karɓi takardar shaida.

4. Kada ku raba shi da aiki gaba ɗaya. Zai iya yin shuka, ko ba dabbobi ruwa, ko zama a rumfa tare da ɗansa. Amma kada ya tafi daji, ko rijiya, ko ci-rani shi kaɗai.

5. Ku tallafi mai jinya. A duniya, mata ne suke ɗaukar kimanin kashi 70 cikin 100 na lokacin kula da masu wannan ciwo. Matar da take jinyar mijinta ita ma ta rasa sana'arta. Adashi, da asusun Mata Masu Dubara da aka fara a jahar Maraɗi a 1991, da habbanaye, da zakka, duk hanyoyi ne da za a bi a kai wa irin wannan gida ɗauki. Ƴan uwa kuma su riƙa karɓarta domin ta huta.

Abin da za ku riƙe

Ciwon mantuwa ba hauka ba ne, ba lalaci ba ne, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Har yanzu ba a samu maganin da yake warkar da shi ba, amma kula da hawan jini da ciwon suga, da barin taba, suna rage haɗarin kamuwa. Idan kun ga alamunsa ga wani naku, ku bi matakan a jere: likita da farko, sa'an nan takarda, sa'an nan shawarar barin aiki ko raba dukiya. Ku karanta wannan darasi ga waɗanda ba su iya karatu ba, ku kuma tattauna shi a ajinku: a garinku, wa ake fara kai wa irin wannan maras lafiya, kuma wa yake riƙe masa dukiyarsa?