Gurgu Ya Dawo da Zinare, Mai Ƙafa Ya Dawo Hannu Rabbana

A shekarar 2012 Nijeriya ta aika da 'yan wasanta masu ƙafa da hannu zuwa gasar Olamfik a birnin Landan, aka yi musu rakiya da kiɗi da alkawari, suka dawo hannu rabbana, ko tagulla babu. Bayan 'yan makonni sai naƙasassunmu suka shiga birnin nan guda, suka kwaso lambobi 13: zinare 6, azurfa 5, tagulla 2. A birnin Paris a 2024 tarihi ya maimaita kansa. Masu lafiya ba su samo kome ba, naƙasassu suka zo da lambobi 7, biyu daga ciki na zinare. Tambayarmu a nan ita ce, wane ne naƙasasshe tsakanin wanda ya ɗauko wa ƙasa zinare da al'ummar da ta kasa gyara masa ƙofar shiga ofis?

Bari mu waiwaya baya kaɗan. Wannan gasa ta samo asali ne daga asibitin Stoke Mandeville a Ingila, inda likita Ludwig Guttmann ya shirya wa sojoji 16 da suka samu raunin laka gasar harbin kibiya a 1948. A 1960 aka yi ta farko ta duniya a birnin Rum. Nijeriya ba ta shiga ba sai a Barsalona a 1992, amma da zuwanta Adeoye Ajibola ya lashe tseren mita 100 da na mita 200, Monday Emoghavwe kuma ya ci zinare a ɗaga ƙarfe. A Rio a 2016, lokacin da masu lafiya suka tsira da tagulla ɗaya tak ta ƙwallon ƙafa, naƙasassu sun samo zinare 8.

Akwai masu ɗaukar wannan gasa tamkar wasan lallashi da ake shirya wa marasa galihu don su ji daɗi. Muna kiran irin waɗannan mutane su dubi ƙa'idar ɗaga ƙarfe. Ɗan wasa zai kwanta rigingine a kan benci, ya sauko da ƙarfe har ƙirjinsa, ya tsayar da shi cik, sa'an nan ya tura shi sama har hannuwansa su miƙe, alƙalai uku na sa ido, dama uku kawai gare shi. A haka Yakubu Adesokan, wanda nauyinsa bai wuce kilo 48 ba, ya ɗaga kilo 180 a Landan. A haka Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167 a Paris, ta kafa sabon tarihi a duniya. Lucy Ejike, wadda cutar shan-inna ta kwantar tun tana ƙarama, ta ci zinare a 2004 da 2008 da 2016. Wannan aiki ne na shekaru, na sammako da gumi da kamun baki. Duk wanda ya kira shi abin tausayi, to ya je ya gwada rabinsa.

Laifinmu na farko, mu Hausawa, yana cikin tsarin da muka gada. Mun naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, mun ware musu unguwanni, mun kuma yanke musu sana'a guda, wato bara. Muna miƙa sadaka a ƙofar masallaci muna neman lada, alhali kuwa ba mu taɓa tambayar yadda gurgun zai hau matakalar masallacin ba. Mu malaman adabi muna koyar da Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon Zariya, muna jinjina wa hikimarsa, amma ɗakunan karatun da muke koyar da su ɗin suna can saman bene, inda ɗalibi mai keke ba zai kai ba sai abokansa sun ɗauke shi kamar buhun gero. Tusa dai ba ta hura wuta.

Za a ce mana ai Arewa ba ta san irin waɗannan wasanni ba. Wannan magana ba ta da tushe. Ƙwallon guragu, wanda ake bugawa da hannu a kan allo mai taya, ɗan Kano ne ya ƙago shi, Misbahu Lawan Didi, a 1988. Cutar shan-inna ta fi daɗewa a yankinmu fiye da kowane sashe na ƙasa, har sai a 2020 aka tabbatar an rabu da nau'inta na asali. Ke nan samari da 'yan matan da ta bari suna nan tare da mu, da ƙarfin damtsensu. Mun bar su suna tsere tsakanin motoci a bakin danja don neman naira hamsin.

Za a kuma ce ai an yi doka. Gaskiya ne, a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Mai karatu ya leƙa sakatariyar ƙaramar hukumarsu ya ƙirga matakala. Mun ma sake musu suna, yau "masu buƙata ta musamman" muke cewa, sai ka ce daɗin baki yana fasa siminti.

Saboda haka muna kira da a daina biyan jarumai da tafi. Tukuicin zinaren naƙasasshe ya zo daidai da na mai lafiya, a kuma ba shi kuɗin atisaye tun shekara huɗu kafin gasa, ba ana gobe tafiya ba. Kowace hukumar wasanni ta jiha ta tanadi benci da ƙarfe da mai horarwa. Jami'o'inmu su sa wasannin naƙasassu cikin gasarsu, su sauko da darussa ƙasa inda babu hanyar keke. Mu kuma marubuta mu daina sa gurgu a labari don ya roƙi sadaka kawai ko ya zama izina ga azzalumi. Idan muna jiran gwamnati ta fara, to mu fara da matakalar da ke ƙofar sashenmu.