Bayan Likita Ya Ajiye Wuƙa, Wa Zai Kwana Da Majinyaci?

Idan muka ji an yi wa wani tiyatar zuciya an dace, likita kaɗai muke yabawa, alhali kuwa babban hatsari yana nan a daren farko bayan an gama aikin. A 1967 Dokta Kirista Banad ya yi dashen zuciya na farko a duniya a birnin Kef Taun. Aiki ya yi kyau, amma bayan kwana 18 ciwon huhu ya kashe majinyacin.

Daga ɗakin tiyata ana kai mutum ɗakin kulawa ta musamman, inji yana yi masa numfashi, ga robobi a ƙirji suna fitar da jini. Nas ce ke auna jinin nan da fitsari kowace awa, idonta yana kan bugun zuciya. Idan jini ya ɓalle da tsakar dare, ita ce za ta fara gani. Don haka ne a Ingila aka ƙayyade nas ɗaya ga duk majinyacin da ke kan injin numfashi, sai ya sami sauƙi sannan ta haɗa biyu.

Wa ke shugabancin ɗakin? A wasu asibitoci likitan da ya yi tiyatar ne, amma shi da safe ya koma wani aikin. A wasu kuwa ana danƙa ɗakin ga likitan da ya ƙware a kula da masu jin jiki, su riƙa shawara da mai tiyata. A ganina wannan ya fi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A nan Nijeriya tun 1974 aka fara buɗe zuciya a Asibitin Koyarwa na Inugu. Amma a 2024 Hukumar Nas-nas da Ungozomomi ta ce sama da nas 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Inji ana saye da kuɗi, ƙwararriyar nas kuwa sai an yi shekaru ana horar da ita.

Saboda haka uwargida, in za a yi wa naki wannan aiki, ki tambaya: nas nawa ke kwana a ɗakin? Ku kuma 'yan makaranta, ku dage da darasin kimiyya da lissafi. Iyaye ku bar su su shiga makarantar koyon jinya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.