Burushin aro da haruffa masu ƙugiya

Duk wanda ya bi titunan Maraɗi ko Damagaram zai ga allunan kantuna sun sake kama. Inda a da mai fenti ke tsayawa da burushi yana jan harafi ɗaya bayan ɗaya, yanzu leda ce ake bugowa daga kwamfuta. Abin takaici shi ne haruffan da ake zaɓa don wannan aiki su ne masu kwaikwayon burushi: masu kauri, masu karkata, masu nuna kamar hannu ne ya ja su. An raba mai burushi da abincinsa, sa'an nan aka sayi hoton aikinsa daga ƙasar waje.

Waɗannan haruffa suna da asali. Robert E. Smith ya zana Brush Script a Amurka a 1942. Roger Excoffon ya zana wa kamfanin Olive na birnin Marsai, a Faransa, Banco a 1951, Mistral a 1953, da Choc a 1955. Aiki ne na gwani, ba mai musun wannan. Amma an yi shi ne don Ingilishi da Faransanci, saboda haka babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikin zubin da ya yaɗu a kwamfutoci. Mai bugawa kuwa, da ya rasa ƙugiya, sai ya yar da ita. Nan take masaukin baƙi ya koma masaukin baki, ɗa ya koma da, ƙare ya zama kare. Yaron da malami ya wahala yana koya wa ƙa'idar rubutu da safe, da marece allon kanti ya warware masa ita.

Masu kare wannan ɗabi'a suna cewa leda ta fi araha, ta fi sauri, kuma mai karatu zai gane nufi. Araha gaskiya ce. Sai dai babu wani ɗan kasuwa da zai yarda a rubuta masa Faransanci ba tare da lafazin é ba, ya ce za a gane. Me ya sa Hausa kaɗai ake yi wa wannan rangwame? Taron Bamako na 1966 ya amince da waɗannan haruffa, dokar ma'aikatar ilimi ta Nijar ta 1999 ta tabbatar da su, tsarin Unicode kuma ya ba su gurbi tun farkon shekarun 1990. Laifin ba na na'ura ba ne, na masu zane ne da masu biya.

Mai burushi bai taɓa rasa ƙugiya ba, domin juyin hannu ɗaya ke fid da ita. Ƙasar da mahaddata suka saba jan baƙi mai kauri da alƙalamin kara ba ta rasa hannu ba. Ya kamata a ɗauki rubutun masu fentin kantuna da na manyan motoci, a biya su haƙƙinsu, a mai da shi haruffan kwamfuta cikakku. Kafin nan, duk mai kanti ya duba allonsa kafin ya biya kuɗin aiki: in ƙugiya ba ta fito ba, aiki bai ƙare ba.