A Tambayi Bango Kafin A Yi Wa "Ranar Sin" Guɗa

A watan Janairun 2025 na'urar EAST da ke birnin Hefei na ƙasar Sin ta riƙe filasma, wato iskar da zafi ya wargaza ƙwayoyin zarrarta, har tsawon daƙiƙa 1,066. Wata bai cika ba, na'urar WEST ta Faransa ta kai daƙiƙa 1,337. Jaridu suka yi ta yayata "rana ta wucin gadi", mu kuma da muka gaji da ɗauke wuta muka ɗauka ƙarshen duhu ya zo. Ni ma ina fatan hakan da zuciya ɗaya. Amma a ganina mun zuba ido a inda ba nan gizo ke saƙar ba. Makomar wannan makamashi tana jikin bangon na'urar.

A cikin tokamak, na'ura mai siffar zobe irin su EAST da WEST, ana so a narkar da nau'o'in haidirojin biyu, ditiriyam da tiritiyam, su haɗe su ba da ƙarfi irin na rana. Sai zafi ya wuce digiri miliyan 100, don haka maganaɗisu ne ke riƙe filasmar kada ta taɓa komai. Sai dai riƙon ba ya cika. Kowane lokaci wasu ƙwayoyi na sulalewa su daki bango, su huce, su dawo ciki da sanyinsu. Ƙwaya guda kan yi wannan kai-komo sau da dama kafin famfo ya zuƙe ta. Idan masu dawowar suka yi yawa, gefen filasma ya yi sanyi, cunkoso ya fi ƙarfin mai kula da na'ura, wuta ta mutu.

Wanda ya taɓa zuba ruwa a sabuwar randa ya san halin bangon nan. Da farko tana shanye ruwan, sai ta ƙoshi, daga nan ta fara tsattsafo da shi. Bango ma a daƙiƙun farko yana haɗiye ƙwayoyin, abin ya yi kyau a ido. Da ya ƙoshi ya kuma ɗauki zafi, sai ya fara amayar da abin da ya sha, ba da izinin kowa ba. Shi ya sa gwajin daƙiƙa biyar bai cika gaya mana komai ba game da tashar da za ta yi watanni tana aiki.

Akwai kuma asarar da ta fi wannan ciwo. A 1997, na'urar JET da ke Culham a Ingila ta samar da megawat 16, duniya ta yi tafi. Bayan an gama, aka tarar kusan kashi 40 cikin ɗari na tiritiyam ɗin da aka zuba ya maƙale a cikin na'urar, ya cakuɗe da ƙurar kabon da aka lulluɓe bangon da shi. Tiritiyam kuwa ba a haƙo shi a ƙasa. Ɗan abin da ake da shi galibi daga tashoshin nukiliyar Kanada yake fitowa, kuma rabinsa na ruɓewa cikin shekara 12 da 'yan watanni. Dole aka kwashe kabon ɗin. Zuwa 2011 an mayar da bangon JET na ƙarafan beriliyam da tangisten, maƙalewar ta ragu fiye da ninki goma. A wurina wannan canjin bango ya fi megajul 69 da JET ta samar a 2023 muhimmanci, ko da yake kusan babu jaridar da ta sa canjin a shafin farko.

Dabarun shawo kan matsalar bango suna da yawa. Akwai magudanar da ake ginawa a ƙasan na'ura don a karkatar da ƙwayoyin da suka tsere zuwa bakin famfo. A Princeton ta Amurka an gano tun shekarun 1990 cewa shafa wa bango litiyam na sa ya riƙe haidirojin ya hana shi dawowa, kuma EAST na amfani da wannan dabara. Amma kowace da rauninta: litiyam ɗin da ke hana dawowa shi ne kuma ke ɓoye tiritiyam, man da ake tattali. Tangisten na jure zafi har digiri 3,400, sai dai ɗan ƙanƙaninsa idan ya faɗa tsakiyar filasma ya isa ya kashe ta.

Wani zai ce wannan aikin injiniyoyi ne, me ya kawo shi jarida? Ya shafe mu domin da irin waɗannan labarai ake sayar wa jama'a fata. ITER, babbar na'urar da ƙasashe ke ginawa tare a Cadarache ta kudancin Faransa, ta sauya shawara a 2023, ta bar beriliyam ta koma tangisten a bangonta gaba ɗaya, kuma gwajinta da tiritiyam an ɗage shi zuwa 2039. Don haka ina roƙon editocinmu, duk ranar da aka sake shelar sabon tarihi, su tura wakilinsu da tambaya biyu: da me aka yi bangon, kuma nawa ne daga cikin man da aka zuba ya fito?