Kare Jarirai Daga Mura Mai Sarƙe Numfashi: A Fara Daga Awon Ciki

Duk wanda ya zauna a Moriki da ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san wannan labari. Jariri ɗan wata biyu ya tashi da mura, uwar ta ce ai sanyi ne, zai wuce. Bayan kwana uku sai numfashi ya koma sama-sama, ya ƙi kama nono. Kafin a sami mota zuwa Ƙaura Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, ga shi kuma dare ya yi, hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, sai a wayi gari ana ta'aziyya. Mutuwa dai ta Allah ce, amma Allah bai hana bawa neman sababi ba.

Da yawa daga irin wannan mura wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da RSV. An fara gano ta a Amurka a 1956. Kusan kowane yaro yakan kamu da ita kafin ya cika shekara 2. Ga babba mura ce kawai, amma ga jariri takan gangara cikin huhu ta kumbura ƙananan hanyoyin iska, majina ta toshe su. Ƙiyasin masana na shekarar 2019 ya nuna ta halaka yara fiye da 100,000 'yan ƙasa da shekara 5, kusan rabinsu ba su wuce wata 6 ba, kuma fiye da kashi 97 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu. Kada kuma a ɗauka sai da hunturu take zuwa, domin binciken da aka yi a Gambiya ya nuna a can ta fi yaɗuwa da damina.

To, yanzu an sami makami. A 2023 Amurka ta amince da allurar rigakafi mai suna Abrysvo, wadda ake yi wa mace mai ciki, jikinta ya haɗa garkuwa, garkuwar ta ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan da ke ciki. A gwajin da aka yi, har da matan Gambiya da Afirka ta Kudu, ta rage mummunan kamu da wajen kashi 80 cikin 100 a wata 3 na farkon rayuwa. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci dukkan ƙasashe da su yi wa masu ciki wannan allura daga mako na 28, ko kuwa su yi wa jariri wata allurar dabam da zarar an haife shi. A wannan shekara kuma ƙungiyar Gavi ta amince za ta tallafa wa ƙasashe matalauta su same ta.

Ga inda gizo ke saƙar. Allurar da ake yi wa mai ciki ba ta da amfani ga matar da ba ta zuwa awo. Ko da an jibge kwalabe a Gusau, muddin matar Moriki ba ta taka ɗakin shan magani ba sai naƙuda ta gagara, to ɗanta bai sami kome ba. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, kada Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara da Ƙaramar Hukumar Zurmi su zauna jiran ranar da allura za ta iso. Tun ran gini tun ran zane. A tabbatar kowane ɗakin shan magani yana da unguwarzoma mai ilmi, da firiji mai aiki da hasken rana, da ranar awo tsayayya. Hanyar da ake bi a yi wa masu ciki allurar sandarewar wuya, ita ce sabuwar za ta bi. A kuma wadata manyan asibitocin yankin da iskar numfashi, gama ita ce babban abin da ke ceton jaririn da cutar ta tsananta. Maganin kashe ƙwayoyi da ake saye a kemis ba ya taɓa wannan cuta.

Wani zai ce, mutanen da ke fama da rashin tsaro da yunwa, ina su ina zancen mura? Amsa ita ce, wahalar hanya ita ta sa rigakafi ya zama tilas. Wanda ke kusa da asibiti yana iya jira ciwo ya zo, amma wanda ba ya iya fita da dare ba shi da wannan dama.

Akwai kuma abin da ke hannun kowane maigida. Ya bar iyalinsa su je awo, ya ba da kuɗin mota. Mai mura kada ya sumbaci jariri ko ya ɗauke shi, ko da ranar suna ce. A wanke hannu da sabulu kafin a karɓe shi. A nisanta shi da hayaƙin murhu da na taba, a rage turaren wuta a ɗakin mai jego. A ba shi nono zalla har wata 6. In ya kamu, a ɗaga rigarsa a ƙirga numfashi: 60 ko fiye a minti ɗaya ga wanda bai kai wata 2 ba, 50 ko fiye ga wanda bai kai shekara ba, ko ƙasan haƙarƙari na lotsawa, ko ya ƙi nono, to asibiti za a nufa tun da sauran rana. Kiran wanzami ya cire beli ba zai buɗe huhu ba.

Ku ma'aikata da ɗalibai, ku ne ake saurara in kun je gida hutu. Ku faɗa wa iyaye da yayye, ku roƙi limamai da masu unguwanni su faɗa. Allah ya raya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.