Tsayuwa ba ta kisa: tamaular Arewa da mafarkin kujerun roba

Duk lokacin da wani babba ya sauka a wani gari na ƙasar Arewa, ko Kiyeshe ce, ko Matankari, ko Kore Mairuwa, aka miƙa wa wakilin matasa lasifika, da wuya ya kai ƙarshen jawabinsa bai roƙi a gina musu filin tamaula na zamani ba. In aka tambayi abin da ake nufi da na zamani, amsar ba ta canzawa: katanga, da benen siminti, da kujerun roba masu launi irin waɗanda ake gani a gidajen kallon wasannin Turai. Roƙon yana da daɗin ji, manya kuma suna son sa domin gini abu ne da ake yanke masa ƙyalle a ɗauki hoto. Amma kuskure ne, kuma mai tsada. Ƙungiyar da ba ta iya biyan kuɗin motar da za ta kai ƴan wasanta Dosso ba kujera ce matsalarta ba, kuma tarihin filayen wasa na duniya ya nuna cewa kujera ba ta taɓa tsare ran kowa ba.

Ya kamata a fara da sanin inda aƙidar kujera ta fito. Ranar 15 ga Afrilu 1989, a filin Hillsborough na birnin Sheffield a Ingila, Liverpool ta kara da Nottingham Forest a wasan kusa da na ƙarshe na kofin ƙasar. An buɗe wata ƙofa, jama'a suka tuɗaɗa cikin wasu shingaye na ƴan tsaye da tuni suka cika, gabansu kuma shingen ƙarfe ne da ba ya ƙetaruwa. Mutum 97 ne abin ya ci, har da wanda ya yi shekaru yana jinya kafin ya cika a 2021. Alƙali Taylor, wanda aka ɗora wa bincike, ya ba da shawara a 1990 cewa kowane ɗan kallo ya samu kujera, aka kuma wajabta hakan a kan ƙungiyoyin rukuni na ɗaya da na biyu daga 1994. Daga nan ne maganar ta bazu a duniya cewa tsayuwa haɗari ce, zama kuwa shi ne wayewa.

Sai dai masu haddace wannan darasi rabinsa kawai suka karanta. Shi kansa Taylor ya ce babban musabbabin bala'in shi ne gazawar ƴan sanda wajen sarrafa taron, kuma a 2016 wata kotun bincike ta wanke ƴan kallo daga kowane laifi. Shekara huɗu kafin Hillsborough, ranar 11 ga Mayu 1985, ƙaramar ƙungiyar Bradford City tana bikin cinye gasar rukuni na uku, wuta ta kama rumfar katako da ke cike da kujeru. Mutum 56 suka mutu, da yawansu a bakin ƙofofin fita da aka iske a kulle. Suna da kujera, abin da suka rasa shi ne hanyar fita. Ingilar ma ba ta tilasta wa ƙananan rukunoni wannan doka ba, domin ta san aljihunsu ba zai ɗauka ba. A 2022 kuma ta sake ba manyan ƙungiyoyi izinin keɓe wuraren tsayuwa, muddin akwai sandar ƙarfe a gaban kowane layi kuma an ƙidaya masu shiga. A Jamus, inda ba a taɓa hana tsayuwa ba a gasar cikin gida, mutum kusan 25,000 ne ke tsayuwa a gefe ɗaya na filin Dortmund. Masu rigar sun yi mata kwaskwarima, masu aro na nan suna rantsuwa da tsohon ɗinki.

Shaidar Afirka ta fi wannan ƙarfi. A Ankara ta ƙasar Gana, ranar 9 ga Mayu 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, ƴan kallo da suka fusata kujerun roban suka ɓalle suna jifa da su, ƴan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga ƙofofi suka iske su a rufe, mutum 126 suka halaka. A Dakar, cikin Yulin 2017, katanga ce ta faɗi a filin Demba Diop ta kashe mutum 8. A Yawunde, ranar 24 ga Janairu 2022, filin Olembe sabo ne fil, kowane mazauni da kujerarsa, amma mutum 8 suka mutu a turmutsutsun bakin ƙofa. Wanda ya fi kama da garuruwan Arewa shi ne na Nzerekore a Gini, ranar 1 ga Disamba 2024: filin lardi mai katanga, gasar da aka shirya don karrama shugaban ƙasa, gardama a kan hukuncin alƙalin wasa, jifa, hayaƙi mai sa hawaye, sannan rububin fita. Gwamnati ta ce mutum 56, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce sun haura 100, kuma yara na da yawa a cikinsu. Duk wanda ya jera waɗannan labarai zai ga abu guda yana maimaituwa: ƙofa, katanga, hayaƙi, da taron da ba wanda ya ƙidaya. In gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, ruwa ake shafa wa naka, ba turare ba.

Gaskiya ne hukumar ƙwallon Afirka, CAF, tana sharɗanta kujeru ga wasannin ƙasa da ƙasa. A 2021 ta ƙi amincewa da filayen ƙasashe kusan 20, ciki har da Nijar, har ta kai Mena ta karɓi baƙuncin Burkina Faso a Marrakesh ta ƙasar Maroko cikin Satumban wannan shekara. Abin kunya ne, kuma gyaran filin Janar Seyni Kountché na Yamai wajibi ne a kan gwamnati. Amma wannan sharaɗi na Mena ne da manyan ƙungiyoyin da ke fita waje. Ba wani jami'in CAF da zai zo duba filin Kiyeshe. Ɗauko ma'aunin Yamai a auna ƙauye da shi, daidai yake da ɗinka wa jariri babbar riga a bar shi ba kunu.

A dubi yadda kakar wasa take ga ƙaramar ƙungiya a Dallol Mawri. Lokacin da ɗalibai ke hutu, suka dawo gida da zumuɗin wasa, shi ne damina, kowane hannu yana gonar hatsi da wake. In an yi girbi, rabin samarin sun tafi ci-rani Najeriya ko biranen bakin teku, waɗanda suka rage suna garken dankali da kayan lambu. Tsakanin waɗannan ne ake matso gasa. Kuɗin da ke fita kuwa sananne ne: hayar mota, abincin ƴan wasa a hanya, lasisin kowane yaro, sallamar alƙalan wasa, ƙwallo da raga, da maganin wanda ya ji ciwo. Kuɗin da ke shigowa kusan babu, domin filin fili ne, na makaranta ko na bayan kasuwa, ba a sayar da tikiti. Shi ya sa ake ganin ƙungiya ta fara kaka da ganga da kirari, ta ci wasa biyu a gida, ranar da aka ce ta tafi baƙunci sai a ji ta janye. Ba a ci ta a fili ba, a tasha aka ci ta.

Tsarin ƙasar ma bai taimaka ba. Ƙungiyoyin da ke mamaye babbar gasar Nijar mafi yawansu na ma'aikatu ne da ke Yamai: na sojoji, na jandarma, na rundunar tsaron ƙasa, na ƴan sanda, na kwastan, na kamfanin lantarki da na man fetur. Suna da albashi da motoci. Shi ya sa kofin zakaru ba ya son barin babban birni, har nasarorin Jangorzo ta Maradi da Espoir ta Damagaram a farkon shekarun 1980 suka zama labarin da dattawa ke bayarwa. A ɗaya gefen, hukumar FIFA ta ware wa kowace hukumar ƙasa har dala miliyan 8 na shirinta na raya ƙwallo tsakanin 2023 da 2026. Ƙungiyoyin jihar Dosso suna da haƙƙin tambayar Fenifoot, cikin ladabi kuma a rubuce, nawa ne daga irin wannan kuɗi ke sauka ƙasa da matakin jiha, kuma ta wace hanya. Tambaya ba rashin kunya ba ce.

Amma kada a jibga duk laifin a kan Yamai. Babbar cutar ƙananan ƙungiyoyi a gida take, sunanta uban ƙungiya. Wani attajiri ko mai neman muƙami ya saya wa yara riguna da sunansa a baya, ya sa kofi, ya zauna a inuwa ana yi masa kirari. Ba wanda ya san nawa ya bayar, ba wanda ya isa ya tambaya. Ranar da kasuwa ta juya masa baya, ko zaɓe ya wuce, ƙungiyar ta bi shi. Wannan ma ba cutar talakawan ƙasashe kaɗai ba ce. Ƙungiyar Bury ta Ingila, wadda aka kafa a 1885, ta samu hawa rukuni na uku a 2019, cikin Agustan shekarar aka kore ta daga gasar baki ɗaya saboda bashin da masu ita suka tara. Filinta na Gigg Lane kujeru ne ko'ina. Kujerun suka zauna, ƙungiyar ta tashi.

Masu son benen siminti suna da hujja ɗaya da ta cancanci amsa. Sukan ce taron tsaye ba shi da tarbiyya: shi ke kutsawa cikin fili, shi ke korar alƙalin wasa da duwatsu, kuma dattawa da mata ba su da wurin zama cikin mutunci. Abin da suka faɗa yana faruwa. Sai dai maganinsa yana gaban kowa a fagen kokowa. Ƙasar da ta fito da gwanaye irin Issaka Issaka na jihar Dosso, wanda ya ɗaga takobin ƙasa har sau shida, ba ta buƙatar a koya mata tara jama'a. A fagen kokowar ƙauye na gaba suna zaune a ƙasa, na baya suna tsaye, dattawa na da rumfarsu, akwai masu tsaron da'ira da kowa ya san su kuma yake jin kunyarsu, ba katangar da za ta tare mai gudu. Tsari ne ke kawo tarbiyya, da sanin cewa wanda ya yi jifa gobe za a kai ƙararsa gaban mahaifinsa.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin gari ba. Igiya ko sandunan ƙarfe a kewaye filin, da tazara tsakanin layi da ƴan kallo. Rumfar zana ko ta kwano ga tsofaffi da mata da naƙasassu, a yi ta da gayya. In har an yi katanga don karɓar kuɗin shiga, to ƙofofi su zama aƙalla huɗu, masu faɗi, masu buɗewa ta waje, kuma kada a sa musu kwaɗo muddin akwai mutum a ciki. A ƙidaya masu shiga, in wuri ya cika a tsaya. A horar da matasa goma aikin tsaron taro da agajin gaggawa, a ajiye ruwan sha, a sanar da gidan likita ranar wasa. A zauna da jami'an tsaro tun kafin gasa a amince cewa ba a harba hayaƙi cikin kewayayyen wuri. Duk wannan bai kai kuɗin layi ɗaya na benen siminti ba.

Ta fuskar kuɗi kuwa, nan ne aikin malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu yake. Su ne masu alƙalami, kuma filin da ake wasa a kai sau da yawa nasu ne. Ƙungiya ta zama ta mambobi masu kati, kowa da ɗan abin da yake zubawa a wata kamar adashi, ƴan ci-rani su aiko nasu. A zaɓi ma'aji dabam da shugaba, a rubuta shige da fice a littafi, a karanta shi a bainar jama'a ƙarshen kaka. Attajiri ya bayar in yana so, a gode masa, a rubuta, amma ƙuri'arsa ɗaya. Kafin a buga wasan farko a ware kuɗin motar dukan tafiye-tafiye. Samariyar zamanin Kountché ta gina azuzuwa da hannunta. Jikokinta ba za su kasa riƙe littafin kuɗi ba. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 aka ce raya gari ya dawo hannun mutanen gari, kuma ko da aka rusa majalisun a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, kasafin kowace ƙaramar hukuma bai daina zama dukiyar jama'a ba. Idan akwai ɗan abin da aka ware wa matasa da wasanni a Kiyeshe, ko Dankasari, ko Gesheme, ko Dumega, a nemi a kashe shi kan ƙofa, igiya da mota.

Wakilin matasan da za a miƙa wa lasifika nan gaba yana da zaɓi. Yana iya sake roƙon kujerun da rana za ta farfasa cikin ƴan shekaru, waɗanda manya ne kawai za su zauna a kansu. Yana kuma iya roƙon abin da zai sa ƙungiyarsa ta kammala kaka, yaran da suka zo kallo su koma gida lafiya. Ba girin-girin ba, ta yi mai.